Zuwa tafkin kan tsauni da ƙafa: a wuni ɗaya ko sai an kwana?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muke shirin zuwa wani tafki da ke can saman tsauni, inda mota ba ta kaiwa, sai da ƙafa. Hotunansa sun cika intanet, kuma an ce lokacin hutu hanyar ba ta rabuwa da jama'a. A taswira, daga inda ake barin mota zuwa bakin ruwan kilomita 9 ne, ana hawan mita 900, shi kuma tafkin yana kan tsayin mita 3,000 daga teku. Dukkanmu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muke zaune, lafiyarmu ƙalau, amma ba mu taɓa irin wannan tafiyar ba. A farkon lokacin zafi za mu je. Shin za mu iya zuwa mu dawo a wuni ɗaya, ko sai mun kwana? Kuma tun da wurin cike yake da mutane, akwai wani abin tsoro?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, abin da ke gabanku tafiyar kilomita 18 ce zuwa da dawowa, daga tsayin mita 2,100 inda za ku bar mota zuwa mita 3,000, ku huɗu kuma duk sababbin shiga. Za ku iya a wuni ɗaya. Shi ma na fi so muku a kan kwana, zan faɗi dalili a gaba. Amma da sharaɗi biyu: ku yi sammako na gaske, sannan ku tsayar da lokacin juyowa tun kuna gida, ko kun ga tafkin ko ba ku gan shi ba.

Batun jama'a kuwa, nan ne ake yawan yaudarar kai. Yawan masu zuwa yana da ranarsa: hanya takan fito sarai, kuma in wani ya yi targaɗe da hantsi ba za a daɗe ba a same shi. Sai dai jama'ar nan ta rana ce. La'asar na yi hanya za ta yi tsit, wanda ya makara shi kaɗai zai rage da duhu da sanyi. Kuma ba duk wanda ka gani a gabanka ne ya san inda ya dosa ba, sau da yawa shi ma ƙeyar na gabansa yake bi. Yawan sawu yana fitar da ƙananan hanyoyi barkatai, wata zuwa wurin ɗaukar hoto, wata zuwa inda ake zagayawa, wata ta ƙare a bakin kwazazzabo, duk kuma sun yi kama da ta gaskiyar. Hotunan da ka gani ma galibi a rana mai kyau aka ɗauke su, bayan ƙanƙara ta gama narkewa. Ku da za ku je a farkon zafi, wani wurin daban za ku tarar.

Lissafi da awa ake yi, ba da kilomita ba

A kan dutse kilomita ba ta faɗa maka komai sai an haɗa ta da hawa. Akwai tsohon lissafi da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau da shi ake fara auna tafiya: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. In an ɗora shi a kan tafiyarku, kilomita 9 ta ba da awa ɗaya da minti 48, hawan mita 900 ya ba da awa ɗaya da rabi, jimla awa uku da minti 18. Kada wannan adadin ya ruɗe ka. Na gwani ne a kan hanya mai kyau, ba hutu, ba cin abinci, ba tsayawa ɗaukar hoto. In zan tsara wa sababbi tafiya, rabin adadin nake ƙarawa, wato ku sa wa hawa awa biyar. Gangara ku ba ta awa uku da rabi, zama a bakin ruwa awa ɗaya. Wuninku ya zama awa tara da rabi ke nan, kuma da ƙafar mafi jinkirinku za a auna shi.

Ga yadda abin yake a agogo. Kun tashi ƙarfe 6 na safe, kuna bakin ruwa ƙarfe 11, kun juyo ƙarfe 12, kuna wurin mota wajen uku da rabi, da sauran rana mai yawa ko da wani abu ya taso. Kun tashi ƙarfe 10, sai ƙarfe 3 za ku isa, ku dawo mota bakwai da rabi, in har komai ya tafi daidai. A cikin kwari kuma rana tana ɓuya bayan tsauni tun kafin lokacin faɗuwarta da waya ta nuna maka. Mai sammako ne kuma yake samun wurin ajiye mota, don a irin waɗannan wuraren filin yakan cika tun da safe.

Lokacin juyowa ku sa shi ƙarfe 12, in ya yi nisa ƙarfe 1. Ku faɗe shi da baki, kowa ya ji ya yarda, domin a can sama ba a iya yanke wannan shawarar da hankali kwance. Yawancin irin waɗannan tafkunan suna zaune ne a cikin wani kwano da tsohuwar ƙanƙara mai gangarowa ta rarake a jikin tsauni, ta bar tudun dutse ko tarin tsakuwa ya tare bakinsa. Saboda haka hawa mafi tsanani yakan zo a ƙarshe, ƙarƙashin leɓen kwanon, kuma ba ka ganin ruwan sai ka taka saman. Za ka hango tudu ka ce shi ke nan, ka hau ka ga wani a bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba. A nan ne ake cewa "saura kaɗan", a yi ta faɗa har awa guda ta wuce. Maganinsa duba tsayi a taswirar waya kowace awa: kuna buƙatar hawan kusan mita 180 a awa. In bayan awa biyu ba ku hau mita 300 ba, lissafinku ya riga ya karkace, gara ku sani tun a lokacin.

Dalilin da ya sa ban so muku kwana ba

A tsayin mita 3,000 oksijin yana nan kashi 21 cikin ɗari na iska kamar ko'ina, amma nauyin iskar ya ragu zuwa kusan kashi 70 cikin ɗari na bakin teku, don haka kowane numfashi abin da yake kai wa jini ya ragu. Haki da saurin bugun zuciya ba ciwo ba ne, jiki ne yake cike giɓi. Ciwon tsauni daban ne. Yakan fara kama mutane daga wajen mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, ƙin abinci, jiri, kasala. Ƙarfin jiki ba ya hana shi, mai gudun safe kullum yana iya kwantawa, wanda ba ya motsa jiki ya wuce lafiya. Kuma ba ya zuwa nan take, yakan ɗauki awa shida zuwa goma sha biyu bayan an isa. Mai zuwa ya dawo a wuni ɗaya sau da yawa ya riga ya sauko kafin ciwon ya kankama. Wanda ya taso daga ƙasa ya kafa tanti a mita 3,000 a daren farko, shi ne yake farkawa tsakar dare kansa kamar zai tsage, nesa da mota, cikin duhu.

Ko a wuni ɗaya za ku yi, ku kwana dare ɗaya kusa da mafarin hanya, a tsayin nan na wajen mita 2,100, biyu ma ya fi. Wannan kaɗai yana rage wahala ƙwarai, kuma shi ne zai ba ku damar sammako.

In ciwon kai ya kama wani a hanya, a tsaya, ya sha ruwa, ya ci wani abu, ya huta. Bai lafa ba, kada ya ƙara hawa. Alamun da ba a jira da su kuwa su ne tangaɗi kamar mai maye, ruɗewar magana, haki alhali mutum yana zaune, da tari mai kumfa. Waɗannan suna nuna kumburin ƙwaƙwalwa ko taruwar ruwa a huhu, kuma suna kisa. A sauko da shi nan take, ko da dare ne, saukar mita 300 zuwa 1,000 takan kawo sauƙi, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai. Akwai maganin rigakafi, asitazolamaid, amma wannan hurumin likita ne, ba nawa ba. Haka mai ciwon zuciya ko huhu, da mai juna biyu, da mai sikila, har da mai jinin AS wanda a ƙasa bai san yana da wata matsala ba: su ga likita kafin a sa rana.

Sanyi, rana da hadari

Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5. Tsakanin mota da tafki kun rasa wajen digiri shida, ga iskar da ke kaɗawa a saman, ga rigar da ta jiƙe da gumi. Sanyin da ke kayar da mutum ba sai ruwa ya daskare ba. Jiƙa da iska sun isa, domin ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi. Shi ya sa auduga ba ta dace da dutse ba: tana shan gumi ta riƙe shi. Ku sa riga ta ciki ta ulu ko ta roba mai saurin bushewa, ku riƙe mai kauri ta ɗumi da rigar ruwa mai tare iska a jaka, da hula da safar hannu. Ku fara tafiya kuna ɗan jin sanyi, minti goma ya isa jiki ya ɗumama. Da kun tsaya a bakin ruwa ku ɗora mai kaurin tun kafin ku ji ɗari. In ka ga abokinka yana karkarwa, ya kasa jan zif, maganarsa ta fara nauyi, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a tare masa iska, a ba shi abin zaƙi, a kama hanyar sauka.

Rana ma ba ta wasa a can. Haskenta mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowane mita 1,000, dusar ƙanƙara kuma tana mayar da shi cikin ido. Tabarau mai duhu da man kare fata ba ado ba ne.

A tsaunuka da yawa hadari da rana yake haɗuwa: safiya garau, rana ta gasa jikin dutse, iska mai ɗumi ta tashi, wajen azahar ka ga farin gajimare ya fara tsiri yana baƙi ta ƙasa. Wannan shi ne dalili na biyu na juyowa ƙarfe 12. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji tsawa, ka raba da uku, ya ba ka nisa a kilomita. Daƙiƙa 30 kilomita 10 ke nan, kuma aradu tana kaiwa nan. Ku bar bakin ruwa, ku bar kan tudu da fili, kada ku fake ƙarƙashin bishiya tilo ko a bakin ƙaramin kogo. Ku gangara cikin daji mai bishiyoyi masu tsayi ɗaya, ku ba juna tazarar kamar mita 15 don kada abu ɗaya ya same ku duka, ku jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Abin da farkon zafi yake zuwa da shi

Biyu ne, ragowar ƙanƙara da cikar ƙoramu, kuma lokutansu sun saɓa. Da safe ƙanƙarar da ta kwanta a kan hanya tauri gare ta kamar gilashi, takalmi ba ya kama ta. Da rana ta yi laushi, ƙafa ta riƙa nutsewa har gwiwa, musamman kusa da manyan duwatsu inda ta narke ta ƙasa ta bar rami. In ka ji ƙarar ruwa a ƙarƙashinta, gada ce ta ƙanƙara a kan ƙorama, kada ka taka. Akwai ƙananan ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi, suna taimakawa a kan hanya mai sauƙin gangara. Amma in hanya ta ratsa gefen tsauni mai tsananin gangara, ka duba ƙasa ka tambayi kanka inda za ka tsaya in ka zame. In amsar duwatsu ne ko ruwa, tafiya ta ƙare a nan.

Ƙorama kuwa da safe take ƙanƙanta, da yamma ta cika, don narkewar wuni duka a lokacin take isowa. Wadda kuka tsallake a kan duwatsu ƙarfe 7 tana iya shanye duwatsun ƙarfe 3. Ku nemi inda ta yi faɗi ta yi sanyin gudu, ba inda ta matse ba. Ku kwance maɗaurin jaka na ƙugu da na ƙirji, ku bar takalmi a ƙafa, ku fuskanci inda ruwan yake fitowa, ku dogara da sanda, ku riƙa matsawa gefe ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ba na sababbi ba ne. Gungumen da aka gitta, in ya jiƙe, ya fi ruwan kansa hatsari.

Halin ƙanƙara da na ƙorama na wannan makon, jami'an da ke kula da gandun ne suke da shi. Ku kira su kwana biyu kafin tafiya, ku tambayi inda ƙanƙara ta fara, ko gadoji suna nan, da ko ana buƙatar takardar izini ko da na wuni ɗaya ne, don wasu wuraren sun ƙayyade yawan masu shiga.

A bakin ruwa

Ku lissafa rabin lita a kowace awa ga kowane mutum, wato lita huɗu zuwa biyar a wunin. Ba sai kun ɗauke shi duka ba, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ku ɗauki lita biyu-biyu da matatar ruwa ta hannu, ku riƙa cikawa a hanya. Kada garau ɗin ruwan ya ruɗe ku: tafkin da mutane da dabbobi ke kewayawa yana iya ɗauke da ƙwayar jiyardiya, wadda ba ta nuna kanta sai bayan mako ɗaya zuwa biyu, da gudawa da kumburin ciki. Matata mai ramin maikiron 0.1 zuwa 0.2 tana tare ta da bakteriya, amma ba ta tare bairos. Ƙwayar kilorin ko aidin da ake jefawa a ruwa ba ta kashe kiriftosporidiyam, wata ƙwayar cutar gudawa, sai kilorin dayoksaid, shi ma sai an jira awa huɗu. Tafasawa ta fi duka: minti ɗaya, amma sama da mita 2,000 minti uku, don a tsayin tafkinku ruwa a wajen digiri 90 yake tafasa. Kuma kada ku yi ta ɗirkar ruwa ba abinci, ku riƙa cin abu mai ɗan gishiri kowace awa.

Iyo ne abin da na fi tsoro a irin wannan wurin. Mutum ya iso yana gumi, ruwa shuɗi yana kiransa, ya yi tsalle daga kan dutse. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne. A minti na farko jiki yana jan numfashi da ƙarfi ba da son mutum ba, in kai yana ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwan zai shaƙa. Wanda ya tsallake wannan yana da kamar minti goma kafin hannu da ƙafa su daina jin umarni, komai gwanintarsa. Mai son shiga ya taka a hankali daga wuri mara zurfi, ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, busassun kaya suna jiransa a gefe.

Ku zauna a kan dutse, kada a kan ciyawa. Tsiron saman tsauni 'yan makonni yake samu a shekara, in an tattake shi yakan yi shekaru bai farfaɗo ba. Bahaya kuma a yi nisan mita 60 daga ruwa da hanya, kamar taku 70, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe, takardar goge jiki a sa a leda a fito da ita. Wasu wuraren ma doka ta ce a fito da komai a jaka ta musamman. Sabulu ba ya shiga tafki.

In duk da haka kwana kuke so, ku sani sanannun tafkuna da yawa sai da izini, wasu ma ƙuri'a ake jefawa watanni kafin lokacin. A wurare da yawa hura wuta haramun ne a wannan tsayin, sai risho na gas. Iska mai sanyi tana gangarowa ta taru a kwanon tafki da dare, don haka tanti a ɗan tudu ya fi na bakin ruwa ɗumi, kuma sauro ya fi sauƙi. Matatar ruwa a kwana da ita cikin jakar barci, in ta daskare ta fashe ta ciki ba tare da ka gani ba. Inda akwai beyar, wata babbar dabbar daji mai bin ƙamshin abinci, abinci da duk abu mai ƙamshi a gwangwaninsa na musamman yake kwana, nesa da tanti. Jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita.

Gangara

Tafkin rabin tafiya ne, kuma rabin da ya rage a gajiye za a yi shi. Kafin ku juyo ku ci abinci, ku ƙara ɗaure igiyar takalmi ta wajen idon sawu don kada yatsu su riƙa dukan gaba, in ba haka ba farce zai yi baƙi. Duk inda ƙafa ta fara zafi a manna filasta a lokacin, kafin ya zama bororo. Taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sandunan dogarawa, in masu zugewa ne, a ƙara musu tsawo. A kan tsakuwa mai zamewa ku ba juna tazara, don dutsen da na sama ya ture na ƙasa yake samu.

A gangara ne kuma rukuni yake watsewa, mai sauri ya yi gaba, mai ciwon gwiwa ya rage baya. Ku sa doka: duk inda hanya ta rabu biyu a tsaya sai an cika huɗu. Hanya tana sauya kama in an juyo, shi ya sa tun a hawa yake da kyau ku riƙa waiwayawa a kowace mararraba. Kowa ya riƙe tocilarsa ta goshi ko da kun tabbata za ku dawo da rana, da usur, da bargon leda na gaggawa. Taswira a sauke ta a waya tun a gida, a kashe neman sabis don batir ya daɗe, a ajiye wayar a aljihun ciki saboda sanyi yana shanye caji, taswirar takarda kuma tana jakar mutum ɗaya. In kun ga minti goma sun wuce ba alamar hanya, kada ku yanke daji kuna bin ƙorama, takan kai mutum bakin gangaren da ba ya sauka. Ku koma inda kuka tabbata da hanya na ƙarshe.

Wanda kuka bari a gida ku rubuta masa sunan hanyar, lambar motar, da lokaci biyu: ƙarfe 4 da kuke sa ran fitowa, da ƙarfe 8 da in bai ji daga gare ku ba zai kira masu ceto. Lambar da zai kira ita ma ku rubuta masa a takardar.